Darasi: Yadda Ake Kula da Ruwa da Zuba Kifi a Tankin Murjani na Ruwan Gishiri

Duk mai yawo a TikTok, Instagram ko YouTube da wuya a ce bai taɓa cin karo da bidiyon wani akwatin gilashi cike da ruwa garai-garai ba, fitila mai launin shuɗi tana haska shi, ƙananan kifaye masu launi iri-iri suna kai-komo a tsakanin wasu halittu masu kama da furanni. Wannan shi ake kira tankin murjani, wato an kwaikwayi wani ɗan yanki na ƙarƙashin teku an ajiye shi a cikin ɗaki.

Abin da bidiyon ba ya nuna maka shi ne tarin na'urorin da ke ɓoye a ƙarƙashin tankin, da gwaje-gwajen da mai shi yake yi duk mako. Masu wannan harka suna cewa su ba kifi suke kiwo ba, ruwa suke kiwo. Idan ruwan ya daidaita, kifi da murjani za su rayu. Idan ya lalace, kuɗin da ka tara na watanni za su iya salwanta a dare ɗaya, tare da rayukan dabbobin da aka ɗauko tun daga wata duniya. A wannan darasi za mu ga abin da ake aunawa a ruwan, na'urorin da ke aunawa, da yadda ake zuba kifi ba tare da an rushe komai ba.

Mene ne murjani, kuma me ya sa yake da wuyar sha'ani?

Murjanin da ke raye a teku ba dutse ba ne, ba kuma tsiro ba ne. Taron ƙananan dabbobi ne, kuma da yawa daga cikinsu suna gina wa kansu ƙashi mai tauri da sinadarin kalsiyam da suke zuƙa daga ruwa. A cikin jikinsu akwai wata gansakuka mai ƙanƙanta wadda ido ba ya gani. Ita ce take amfani da haske ta samar musu da mafi yawan abincinsu. Idan zafi ya yi yawa, murjanin yakan kori wannan gansakuka, sai ya koma fari fat, idan abin ya daɗe kuma ya mutu.

Gandun murjani bai kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan kashi 25 cikin 100 na nau'o'in halittun teku sun dogara da shi. Akwai shi a gaɓar Ostiraliya, Indunusiya, Filifin, da kuma Bahar Maliya, kusa da Jidda da Fot Sudan. A waɗannan wurare ruwan yana da yawan da ba ya sauyawa farat ɗaya: zafinsa da gishirinsa na yau kusan su ne na gobe. Halittun da suka saba da haka ba su da juriyar sauyi, ba kamar tarwada ba da za ta rayu ko a cikin taɓo. Saboda haka aikinka ɗaya ne: ka sa lita 100 na ruwa su tsaya daram kamar teku.

Lambobin da dole ka riƙe

Ajiye waɗannan a wayarka, domin su ne ma'aunin komai:

• Gishiri: giram 35 a kowane kilo na ruwa, wanda na'urar awo ke nunawa da 1.025 zuwa 1.026.
• Zafi: digiri 24 zuwa 27 a ma'aunin Selshiyos.
• pH, wato ma'aunin tsamin ruwa: 7.8 zuwa 8.4.
• Alkaliniti: dKH 7 zuwa 11. Mafi yawan masu tanki suna tsayawa a 8 ko 9.
• Kalsiyam: ppm 380 zuwa 450.
• Maganiziyam: ppm 1250 zuwa 1350.
• Amoniya da naitirayit: sifili.
• Naitiret: ƙasa da ppm 10.
• Fosfet: ppm 0.03 zuwa 0.1.

Ma'anar ppm ita ce kashi ɗaya cikin miliyan, wato kusan miligiram ɗaya a lita ɗaya. Alkaliniti kuwa shi ne ƙarfin da ruwa yake da shi na kashe tsami, kamar yadda ɗan guntun kanwa yake kashe tsamin miya. Shi ne ke hana pH faɗuwa, kuma da shi murjani yake haɗawa da kalsiyam ya gina ƙashinsa. Cikin dukkan lambobin nan shi ne ya fi saurin sauka a tankin da murjani ke girma, shi ya sa ake yawan auna shi.

Ka lura da wannan sosai: tsayawar lamba wuri ɗaya ta fi dacewarta muhimmanci. Tankin da alkalinitinsa yake 7.5 kullum ya fi lafiya a kan wanda yau yake 7, gobe 10, jibi 8. Idan za ka gyara shi, kada sauyin ya wuce dKH 1 a rana.

Ruwa da gishirin da ake amfani da su

Ba a haɗa ruwan tankin murjani da ruwan famfo, na rijiya, na burtsatse ko na leda. Ruwan da ke da kyau ga ɗan Adam zai iya ɗauke da kulorin, naitiret, fosfet ko ɓurɓushin jan ƙarfe. Jan ƙarfe kaɗan ya isa ya kashe murjani, jatan lande da dodon koɗi. Ana tace ruwan ne da na'urar RO/DI, wadda take tura shi ta wata fata mai tsananin ƙananan ƙofofi, sannan ta bi da shi ta cikin wasu ƙwayoyi masu kama ragowar sinadarai. Akwai wata ƙaramar na'ura mai kama da alƙalami da ake kira mitar TDS. Idan ka tsoma ta a ruwan da aka tace, ya kamata ta nuna 0.

Gishirin girki ma ba ya yi. Akwai gishiri na musamman da kamfanoni irin su Red Sea, Tropic Marin da Instant Ocean suke haɗawa, mai ɗauke da kalsiyam, maganiziyam da sauran sinadaran ruwan teku. Ana zuba kimanin giram 35 zuwa 38 a kowace lita. A cikin bokiti mai tsabta ake haɗawa, a zuba gishiri a kan ruwa ba ruwa a kan gishiri ba, a bar ƙaramin famfo yana juya shi har ya narke sarai, sannan a auna kafin a zuba a tanki.

Ga wani kuskure da sababbi ke yawan yi. Idan ruwa ya ƙafe ya bi iska, gishirin ba ya bin sa, a tankin yake zama. Don haka da ruwan RO/DI marar gishiri ake cike gurbin wanda ya ƙafe. Duba wannan lissafi: tanki mai lita 100 idan ya rasa lita 2, gishirinsa zai tashi daga 35 zuwa 35.7. Amma mai lita 20 idan ya rasa lita 2 ɗin, zai tashi zuwa kusan 39. Wannan ne ya sa ƙaramin tanki ya fi babba wahalar riƙewa, duk da ya fi araha. Mai farawa gara ya nemi lita 100 zuwa 200, ya kuma tanadi teburi mai ƙarfi, domin ruwan lita 100 kaɗai ya haura kilo 100, ban da duwatsu da gilashi.

Bakteriya: ma'aikatan da ba a gani

Kifi yana fitar da amoniya ta kunnuwansa na numfashi, ragowar abinci da kashinsa ma idan sun ruɓe amoniya suke zama. Amoniya guba ce, kuma dafinta yana ƙaruwa idan pH ya yi sama, kamar yadda yake a ruwan teku. Abin da ke ceton kifi shi ne wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin duwatsu da yashin tankin. Rukuni na farko yana mayar da amoniya naitirayit, rukuni na biyu kuma ya mayar da naitirayit naitiret, wanda dafinsa bai kai nasu ba.

Sabon tanki ba shi da waɗannan ƙwayoyin, sai an rene su. Ga yadda ake yi:

1. Jera duwatsu masu ƙofofi da yashi, zuba ruwan gishiri, kunna famfo.
2. Zuba bakteriyar kwalba da ake sayarwa don wannan aiki, ko ka saka dutsen da ya daɗe a wani tanki mai lafiya.
3. Ba su abinci: ɗiga ruwan amoniya na musamman har awo ya nuna kusan ppm 2. Ba a saka kifi a wannan mataki.
4. Riƙa gwaji duk bayan kwana biyu ko uku. Za ka ga amoniya ta sauka, naitirayit ya hau sannan ya sauka, naitiret ya fara bayyana.
5. Idan ka ƙara ɗiga amoniya ka ga ta koma sifili cikin awa 24, naitirayit ma haka, to tankin ya nuna.

Wannan yakan ɗauki mako huɗu zuwa shida. Bayan nan za ka ga wata gansakuka mai launin ƙasa ta rufe yashi da gilashi. Kada hankalinka ya tashi, kusan kowane sabon tanki yana bi ta nan, kuma takan wuce da kanta.

Abin da ya kamata ka fahimta shi ne, yawan bakteriyar yana bin yawan dattin da suke samu. Idan sun saba da dattin kifi biyu ka zuba shida a rana ɗaya, aikin ya fi ƙarfinsu, amoniya za ta taru kafin su hayayyafa. Daga nan dokar zuba kifi ta samo asali.

Yadda ake zuba kifi

Doka ta farko: kaɗan-kaɗan. Kifi ɗaya ko biyu a lokaci guda, sannan a jira mako biyu zuwa huɗu ana gwaji kafin a ƙara. Sannu ba ta hana zuwa.

Doka ta biyu: duba girman da kifin zai kai, ba girmansa na ranar saye ba. Fim ɗin Finding Nemo na 2003 ya sa duniya ta san kifaye biyu. Nemo, wanda sunan jinsinsa na kimiyya Amphiprion ocellaris, bai cika wuce santimita 10 ba, yana da juriya, kuma biyu za su zauna lafiya a tanki mai lita 75 zuwa sama. Shuɗin kifin nan Dory kuwa, wato Paracanthurus hepatus, yana kai wa santimita 30, mai yawan iyo ne, yana buƙatar dogon tanki mai ɗaruruwan litoci. Saka shi a lita 100 zalunci ne, ko da kuwa ɗan tsito ne lokacin da aka saye shi.

Doka ta uku: halin kifi. A fara zuba masu sanyin hali, a bar masu faɗa sai ƙarshe, domin wanda ya riga shiga yakan ɗauki tankin a matsayin gidansa. Kifin damsel yana da araha da juriya, amma mafaɗaci ne, zai iya hana sauran sakat. Jinsin Nemo yana da wani abin mamaki: a cikin rukuninsu wanda ya fi girma shi ne yake rikiɗa ya zama mace. Shi ya sa ake sayen ƙanana biyu, ko ɗaya babba ɗaya ƙarami, su daidaita tsakaninsu. Mata biyu a tanki ɗaya faɗa ne har sai ɗaya ta halaka. Kuma ba dole ne ka saya musu animoni ba, wato halittar nan mai yatsu da suke kwana a ciki. Suna rayuwa ba tare da ita ba, ita kuma tana buƙatar tankin da ya yi aƙalla wata shida.

Doka ta huɗu: abincin kifi. Yawancin kifayen da ake kira malam-buɗe-littafin teku da manyan kifayen enjel suna cizgar murjani. Kifin mandarin, duk da kyansa, ƙananan halittun da ke hayayyafa a jikin duwatsu yake ci, a sabon tanki yunwa ce za ta kashe shi.

Misalin jerin da ya dace da lita 100: a fara da kifi mai sanyin hali kamar Nemateleotris magnifica ko ƙaramin gobi, sannan Nemo biyu, sai Gramma loreto mai rabin jiki shunayya rabi rawaya. Kifi huɗu sun isa. A haɗa da ’yan dodon koɗi masu cin gansakuka, a kuma rufe saman tankin da raga, domin wasu kifayen suna tsalle su faɗo waje.

Killacewa kafin shiga

Rigakafi ya fi magani, a nan kuwa ba ma zaɓi. Cutar da ta fi addabar kifin teku ita ce ta fararen ɗigo-ɗigo a jiki, wadda ƙwayar Cryptocaryon irritans ke kawowa. Maganin da aka fi sani yana ɗauke da jan ƙarfe, wanda ba zai yiwu a zuba shi inda murjani yake ba. Idan cutar ta shiga babban tanki, sai an kwashe kifayen duka an yi musu magani a wani wuri, a bar tankin babu kifi na tsawon lokaci. Masu harkar da yawa suna barin sa har kwana 76 don ƙwayar ta mutu da yunwa.

Mafita ita ce ƙaramin tanki na daban, babu yashi babu murjani, sai matata da ’yan guntayen bututun roba da kifi zai ɓuya. Duk sabon kifi ya yi mako huɗu zuwa shida a nan ana lura da cinsa da numfashinsa. Ranar da ya iso, a bar ledarsa a rufe tana yawo a saman ruwa kamar minti 15 don zafin ya daidaita, a riƙa ƙara masa ruwan tankin a hankali, sannan a ɗauke kifin kaɗai. Ba a juye ruwan ledar a tanki.

Idan akwai zaɓi, sayi kifin da aka haifa a gona. Ya fi sabawa da abincin gwangwani, kuma bai rage na teku ba. A wasu yankunan Filifin da Indunusiya an daɗe ana fama da masu kama kifi da gubar sayanayid, wadda ke sumar da kifin ta kuma kashe murjanin da ke wurin. Nemo an daɗe ana kiwonsa a gona, Dory kuwa sai a 2016 masu bincike na Jami'ar Fulorida a Amurka suka fara samun nasarar renon sa. Murjani mai ƙashi kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar CITES, ba a ƙetare iyakar ƙasa da shi sai da takardun izini.

Na'urorin da ke taimakawa

Rifraktomita: da ita ake auna gishiri. Ana ɗiga ruwa a kan gilashinta a leƙa. A riƙa saita ta da ruwan gwaji mai gishiri 35, in ba haka ba za ta yi ta ba ka lambar ƙarya.

Kayan gwajin sinadarai: akwai na ɗigawa a duba launi, irin na Salifert, akwai kuma na dijital irin Checker na kamfanin Hanna, wanda ke karanta launin da kansa ya nuna lamba.

Na'urar kwashe datti ta kumfa: tana haɗa ruwa da iska ta yi kumfa, datti ya manne a jikin kumfar ya taru a kofi kafin ya ruɓe. Tana kuma ƙara iskar shaƙa a ruwa.

Na'urar cike ruwa da kanta: sansa ce da ƙaramin famfo. Da zarar ruwa ya sauka, sai ta ƙara marar gishiri. Lokacin hunturu da iska ke bushewa za ka san amfaninta.

Famfon kaɗa ruwa da fitilar LED: murjani ba ya motsi, ruwa ne ke kawo masa abinci ya ɗauke masa datti, fitila kuma ita ce ranarsa, kimanin awa 8 zuwa 10 a kullum.

Kwakwalwar tanki: na'urori irin su Apex na Neptune Systems, ProfiLux na GHL da Hydros na CoralVue suna haɗa sansar zafi, pH da gishiri da intanet. Ta manhaja za ka ga jadawalin tankinka, ka kashe ko ka kunna kowace na'ura, kuma idan zafi ya haura iyakar da ka sa, sanarwa za ta shigo wayarka. Apex yana da wani ƙari mai suna Trident da ke auna alkaliniti, kalsiyam da maganiziyam da kansa. Wanda bai da ƙarfin waɗannan zai iya farawa da ma'aunin zafi mai Wi-Fi irin na Inkbird da soket mai Wi-Fi.

Sai dai ka sani, sansa tana tsufa tana kuma kaucewa. Idan manhaja ta nuna lambar da ba ka saba gani ba, sake aunawa da hannu kafin ka zuba wani sinadari.

Zafi da wutar lantarki

Mai tanki a Jamus ko Ingila damuwarsa ɗumama ruwa ce. Wanda ke Kano, Sakkwato ko Yamai, inda zafin bazara ke haura digiri 40, damuwarsa sanyaya shi ce. Fanka da ke hura saman ruwa tana rage digiri kaɗan, amma a tsakiyar bazara sai da na'urar sanyaya ruwa ko ɗaki mai AC. Ruwan gishiri bai kai ruwan daɗi riƙe iskar shaƙa ba, kuma yana ƙara rasa ta idan ya yi zafi. Idan aka ɗauke wuta famfo ya tsaya, cikin ’yan awoyi kifi za su fara haki. Don haka kafin ka sayi kifi ko ɗaya, tanadi inbata da batir ko sola, ka fara ɗora famfon kaɗa ruwa a kai. Murjani zai jure kwana biyu ba fitila, amma ba zai jure tsayawar ruwa ba. Ka kuma nisanta tankin daga maganin sauro na fesawa, turare da hayaƙi, domin duk suna narkewa a ruwa.

Jadawalin kulawa

Kullum: duba zafi, ƙirga kifaye, ba su abincin da za su cinye cikin minti biyu.
Duk mako: auna gishiri, alkaliniti, naitiret da fosfet, zubar da kofin datti, canja kashi 10 cikin 100 na ruwan da sabo mai gishiri da zafi iri ɗaya.
Duk wata: auna kalsiyam da maganiziyam, wanke famfuna, saita sansa.

Rubuta kowane sakamako da kwanan wata a Google Sheets ko manhajar rubutu ta wayarka. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai, jerin lambobin mako takwas ne ke nuna inda tankin ya dosa. Kuma kada ka dogara da canjin ruwa ya gyara cunkoso: idan naitiret yana 20 ka canja kashi 10 cikin 100, 18 kawai zai koma. Rage kifi da rage abinci su ne maganin.

Murjanin kansa da mai laushi ake farawa, a bar masu ƙashi irin Acropora sai tankin ya kusa shekara lambobinsa ba sa rawa. Sanya safar hannu da tabarau idan za ka taɓa shi, domin wasu nau'o'in Palythoa suna ɗauke da guba mai haɗari ga mutum. Idan kuma ka gaji da kifi, ka ba wani mai tanki, kada ka sake shi a ruwan da ba nasa ba. Kifin zaki da ya mamaye gaɓar Fulorida da tekun Karebiyan ana danganta zuwansa da irin wannan sakin.

Idan wutarka ko aljihunka ba su kai ba tukuna, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi: fara da tankin ruwan daɗi, ka koyi renon bakteriya da gwajin ruwa a can. A darasi na gaba za mu duba yadda ake lissafin girman batir da inbatar da za su riƙe famfon tanki tsawon dare.